Hoton da Autanmu Ya Ɗauka a Bakin Titi

Autanmu ni na goya shi. Lokacin da aka haife shi na isa a ɗora mini jariri a baya, a ɗaure da zani, in fita da shi ƙofar gida. Shi ya sa da ya zo Amurka karatu, ya gama, ya samu aikin kwamfuta a wani kamfani da ke yi wa gwamnati kwangila, Umma ta kira ni daga Kano ta ce, "To, ga ɗanki nan, ni na sauke." Ni ma a Amurka nake, a garin Bowie, da maigidana da 'yan matanmu biyu. Shi kuma ya kama ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidan wasu tsofaffi 'yan Koriya a Annandale, don ya fi kusa da wurin aikinsa.

Wata shekara kamfaninsu ya rage ma'aikata, abin ya rutsa da shi. A waya ya faɗa mini, yana dariya, wai dama yana bukatar hutu. Na ce ya tattaro ya dawo wurinmu kafin Allah ya kawo wani, ya ce a'a, yana nema, kada in damu. Sai na ɗauki al'adar kai masa abinci duk Asabar ɗin da ba ni da aiki. In tuƙa tuwon shinkafa, in kaɗa miyar kuka, wani lokaci in haɗa da dambun nama, in zuba a robobi in kama hanya. Kullum a bakin mota yake tarata. Ya karɓa, ya ce, "Yaya, Allah ya saka," ya tambayi yara, ya juya. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Na ɗauka kunyar ɗakin gwauro ce.

Ran nan na iso na yi ta kiran wayarsa bai ɗauka ba. Tsohuwar mai gidan tana ba shukokinta ruwa. Ta gane ni, ta ajiye butar, ta zagaya da ni ta ƙofar baya. Kafin ta buɗe sai ta dube ni, ta kama hancinta da yatsu biyu, ta girgiza kai.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa na wani asibiti a Largo. Babu irin warin jikin ɗan Adam da bai shiga hancina ba. Amma da na sauka matattakalar nan sai da na ja mayafina na rufe baki. Robobina ne jere a kan teburin kicin, wasu a ƙasa, na makon jiya da na wanda ya gabace shi da waɗanda na manta ma na kawo. Yawancinsu ko buɗewa bai yi ba. Tuwon ya yi fumfuna, kore da baƙi, miyar ta kumbura ta ɗaga murfi. Ƙananan ƙudaje suna ta shawagi a kai. Ga ledojin dankalin kanti da gwangwanayen lemo ko'ina. Dardumar sallarsa na hango gefenta a ƙarƙashin tulin kayan wanki.

Shi kuwa yana zaune ya ba ni baya, ya toshe kunnuwa, fuskarsa kamar za ta shige cikin kwamfuta. Na tsaya a kansa ina kallo. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce ta zane take yawo a ƙasan allon, daga sama kuma wata tana zubo mata wasu ƙwallaye masu launi, ja da shuɗi da ruwan hoda, suna buɗewa kamar fure, suna juyawa, suna cika ko'ina. Yarinyar tana silalewa ta tsakaninsu. Can sai ta matsa dab da mai zubowar, wani murabba'i ya bayyana, aka yi walƙiya, ƙwallayen da ke cikin murabba'in suka ɓace. Hoto ya fito a gefe da lambobi a ƙasansa.

Na dafa kafaɗarsa. Ya zabura, ƙwallo ɗaya ya taɓa yarinyar, ta fashe.

"Haba Yaya!" Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan, kafin ma ya tuna da gaisuwa. "Saura hoto ɗaya fa."

"Auta, mene ne wannan?"

Ni ɗakin nake nufi. Shi ya ɗauka wasan nake tambaya. Ya cire abin kunnen, idanunsa jajir, ya hau yi mini bayani da irin zumuɗin da rabon da in gani a fuskarsa tun yana firamare. Wai wasan daga Japan yake, ba wani babban kamfani ne ya yi shi ba, zane da kiɗa da komai aikin hannun mai shi ne. Wai a sauran wasanni irinsa harbi ake yi, amma a wannan ba ka da bindiga, kyamara kawai gare ka. Yarinyar 'yar jarida ce. Ana yi mata ruwan harsashi, ita kuma aikinta ta kauce, ta jira kyamararta ta cika, ta kusanci mai harbin ta ɗauke ta hoto.

"Harsashi?" na ce. "Waɗannan furannin?"

"Su ne. Kuma duba, Yaya, iya kusancinki da haɗari, iya makin da za ki samu. In kika ɗauka daga nesa hoton banza ne. Sai kin bari sun kusa taɓa ki, sun cika hoton, sannan ki danna."

A makon nan aka kawo mana wani saurayi da aka harba a wajen wani gidan mai. Ƙofar da harsashin ya shiga ba ta fi kan ɗan yatsa ba, amma abin da ya yi a ciki likitoci sun yini a kai ba su iya gyarawa ba. Ni na fita na samu mahaifiyarsa a ɗakin jira, da takalmi ƙafa ɗaya, don a guje ta fito daga gida. Ban ba Auta wannan labarin ba. Na dai dubi furannin nan masu ruwan hoda suna juyawa, kiɗa mai daɗi yana fitowa daga abin kunnen da ke kan teburi.

Na ce, "Tashi ka haɗa kayanka."

Ya so ya yi gardama, na ce in bai tashi ba yanzu zan kira Umma in juya kyamarar waya in nuna mata ɗakin. Robobin ban ko yi yunƙurin wankewa ba, a baƙar leda na zuba su duka. Na ba tsohuwar haƙuri, ta yi ta sunkuyar da kai tana murmushi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

A Bowie na ba shi ɗakin baƙi, na kafa masa sharaɗi: wanka kullum, abinci a teburi tare da kowa, salla a kan lokaci, neman aiki da safe. Ya bi, ban ce bai bi ba. Ya yi aski, kumatunsa suka dawo. Amma da azahar ta wuce sai ka fara jin kiɗan nan daga ɗakinsa, da ƙarar kyamarar, ƙyas, shiru, ƙyas. Ashe cutar mai yaɗuwa ce. 'Yan matan suka fara dawowa daga makaranta su jefar da jaka su nufi ɗakin kawunsu. In na kira su da Hausa su amsa mini da Turanci cewa minti ɗaya, Kawu ya kusa cinye wannan matakin. Wata rana na dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar da maigidana, mutumin da ke koyar da injiniyanci a jami'a, da furfurarsa, tsaye a bayan kujerar Auta ya harɗe hannu.

"Abban yara, har da kai?"

"Ke, akwai lissafi a cikin abin nan," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Ba haka kawai suke zubowa ba, tsari gare su. Dubi yadda wancan zoben yake buɗewa."

Ƙaramar ta koyi wata al'ada da ta fi komai ɓata mini rai. In ina faɗa a gidan, sai ta haɗa yatsunta ta yi murabba'i, ta matso kusa da fuskata a hankali, ta ce "ƙyas", su fashe da dariya ita da yayarta. Ranar da ta yi mini haka a gaban baƙi sai da na kai ta ɗaki muka yi magana ta fahimta.

Haka muka kai tsakiyar bazarar nan tasu mai zafi da gumi. Wata abokiyar aikina 'yar Zariya ta haihu, aka sa walimar suna ranar Lahadi da rana a gidansu a Largo. Maigidana ya riga mu tafiya da yara. Ni na tsaya ƙarasa suyar waina, Auta ya jira ni don ya taya ni ɗaukar kuloli. Na sa sabon leshina ruwan zuma da mayafi fari.

Mun kusa, muna tsaye a wata mahaɗa muna jiran danja ta ba mu hannu, sai wata mota ta yanko kwana ta kwashe wani mai babur. A gabanmu aka yi. Na ga mutumin ya tashi sama, ya faɗo a gefen titi, babur ɗin ya yi ta jan ƙasa har ya daki dakalin titi. Ban san lokacin da na gangara gefe na fito ba. Na dai ce wa Auta, "Kira motar asibiti, ka biyo ni."

Dattijo ne baƙar fata, da furfura a gemunsa. Hular kwanonsa ta cire ta gangara can. Yana numfashi, idonsa a buɗe, amma cinyarsa ta dama tana zubar da jini irin zubar da ba ta jira. Na durƙusa, na yage wandon daga inda ya tsage har sama don in ga wurin, na cire mayafina na naɗe na ɗaure saman ciwon, na danne da dukkan ƙarfina. Yana ta ƙoƙarin ɗaga kai ya ga ƙafarsa, ni kuma ina tsoron wuyansa. Hannuwana biyu duk suna kan cinyar. Mutum ɗaya nake bukata ya riƙe masa kai kawai.

"Auta! Zo ka riƙe kansa!"

Na ɗaga ido. Yana tsaye bai fi taku kaɗan daga gare mu ba, ya riƙe waya da hannu biyu a saitin fuskarsa. Na ɗauka lambar gaggawa yake nema. Sai na ga ya ɗan rusuna. Ya matsa hagu, don rana tana bayanmu. Ya ƙara matsowa kusa, a hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Ya tsaya yana jira. Daidai lokacin da mutumin ya buɗe baki ya yi ƙara, na ji ƙyas.

Na sake kwaɗa masa kira, wannan karon da sunansa na yanka. Kafin ya motsa wata mata ta fito daga motar da ke bayanmu, da kayan coci da hula mai faɗi, ta jefar da jakarta ta durƙusa a kan kwalta. Na gaya mata yadda za ta riƙe, ta tallafe kan mutumin da tafukanta tana yi masa magana a hankali, tana kiransa ɗan'uwa, tana ce masa ya dube ta ita, kada ya dubi ƙasa. Wani ne daban ya kira motar asibitin. Da suka iso na ba su bayanin abin da na gani da abin da na yi, suka ɗauke shi. Matar ta rungume ni duk da jinin da ke jikina, ta shiga motarta. Ban san sunanta ba, ban kuma san na mutumin ba.

A mota Auta ne ya tuƙa. Da muka isa gidan sunan na bi ta ƙofar gareji, maijego ta sa aka kai ni banɗakin sama, aka ba ni doguwar riga. Na daɗe ina wanke hannu. Jini ya shiga ƙarƙashin farce, ya bushe a jikin awarwarona. Leshin na cusa a leda.

Ina saukowa falo mata suka ɗauki guɗa. Wata ta taso ta kama hannuna tana cewa, "Jaruma! Wallahi kin fitar da mu kunya." Na rasa gane inda suka ji. Sai ta miƙo mini wayarta.

Ni ce a durƙushe, ba mayafi, ɗankwalina ya zame, jini har gwiwar hannu, haske ya sauka a gefen fuskata kamar an shirya. A gabana ga dattijon nan. Fuskarsa ta fito tar, bakinsa a buɗe, idanunsa sun firfito. Wandon da na yage ya bar shi a tsiraice har gajeren wandonsa na ciki. Auta ya tura a zauren danginmu na waya tun muna bakin titi, wata 'yar'uwarmu da ke wurin sunan ta tura wa zauren matan unguwa, daga nan kuma Allah kaɗai ya san inda ya kai. A wurin aikinmu wanda ya ɗauki majinyaci hoto irin wannan, a ranar zai ajiye katin aikinsa ya fita. Ga shi nan ana miƙa shi hannu zuwa hannu a kan farantan waina da soyayyen naman rago, ana zuƙowa da yatsa don a ga jinin da kyau. Wata tana taunar nama tana cewa, "Kai, dubi ƙashin ma kamar ya fito."

Na koma banɗakin na yi amai.

Da la'asar sakaliya muka dawo gida. Na ce wa maigidana ya wuce da yara ciki, na tsayar da Auta a gareji.

"Na kira ka ko ban kira ka ba?"

"Kin kira, Yaya."

"Me ya hana ka zuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce shi bai taɓa ganin jini haka ba. Ya ce ƙafafunsa ne suka riƙe, kansa ya fara juyawa, da bai ɗaga wayar ya kalli abin ta cikinta ba da faɗuwa zai yi, in samu marasa lafiya biyu. Ya ce ta cikin waya abin yana yin nisa, yana zama ƙarami, mutum yana iya numfashi.

Na san ana yin haka. Na ga ɗalibai ƙarfafa sun sulale ƙasa a ranarsu ta farko a sashenmu. Da a nan ya tsaya, da wataƙila na sassauta. Amma na ce masa, "Wanda ƙafarsa ta riƙe ba ya matsawa hagu don ya gyara haske. Na gan ka. Jira ka yi sai da ya yi ihu."

Sai ya ɗago, da wata 'yar murya kamar yaron da ke neman a duba masa zanensa, ya ce, "Amma Yaya, tsakani da Allah, hoton ya fita."

Ban taɓa dukansa ba tun yana yaro, ranar ma ban doke shi ba. Na dai ji kamar in na ƙara minti ɗaya kusa da shi fatata za ta kwashi wani abu. Na ce ya goge, ya goge a gabana, ya shiga zauren dangi ya janye. Amfanin me? Kowa ya riga ya adana. Washegari Umma ta kira tana kuka tana sa mini albarka, wai ta nuna wa duk maƙwabta.

Ban ce wasan ne ya mayar da shi haka ba. Maigidana ya yi ta nanata mini cewa dubban mutane suna yin irinsa kuma da za su zo su riƙe kan, kuma na san gaskiya ya faɗa. Amma daga ranar na ce ba a ƙara kunna shi a gidana, kuma ba wanda ya yi mini musu, har shi Abban yaran. Na yi makonni ba na iya cin abinci in Auta yana teburin. Sai in ce na ci a wurin aiki. Ya lura, ya koma cin nasa a ɗaki, ni kuma ban hana shi ba.

Na bincika a asibitinmu, ba nan aka kawo dattijon ba. Wata babbar cibiyar masu raunuka aka wuce da shi, kuma ba ni da hurumin tambaya. Har yau ban san ko ya tashi ba, ko da ƙafarsa ko babu.

Kafin sanyi ya shigo Auta ya samu aiki a wata jiha can kudu. Na taya shi haɗa kaya, na yi masa dambu da yaji, muka rabu lafiya. Muna waya. Yana tambayar yara, ina tambayarsa ko yana cin abinci. Ba na tambayarsa abin da yake yi da yammacinsa.

Da na je gida hutu bayan nan, na shiga falon Umma na ajiye jaka, na durƙusa na gaishe ta. Ina ɗagowa na ga hoton nan a bango, tsakanin hoton Baba na Makka da na auren ƙanwata. Ta sa an wanke shi babba, an yi masa firam mai ruwan zinare. Mai wankin hoton ya ƙara masa launi, jinin ya yi ja kamar manja.

Na ce, "Umma, don Allah a sauke wannan. Mutumin nan bai san mu ba. Tsiraicinsa ne a waje."

Ta ce, "Wa ke kallonsa? Ke ake kallo." Ta ce duk wanda ya shigo sai ya tsaya a gabansa, har matar mai unguwa ta ɗauka a wayarta. Na roƙe ta, ta ce in na tafi za ta duba, da irin muryar da na san ba za ta duba ba. Iyakar abin da na samu, ta yarda na liƙa 'yar takarda a kan cinyar mutumin. Fuskarsa ta ce a bari, wai in an rufe ba za a gane abin da ya faru ba.

A falon ake shimfiɗa tabarmar cin abinci. Har na gama hutuna na dawo, a kicin nake cin nawa, a tsaye.